Wa Ke Zaɓar Labarin Da Duniya Za Ta Ji?

Babban ƙarfin kafafen yaɗa labarai na duniya yana wajen zaɓi ne, wato su ke yanke abin da za a kira labari da abin da za a bari ya wuce ba wanda ya ɗaga kai.

A watan Oktoban 1984 BBC ta nuna hotunan da Mohamed Amin, ɗan Kenya, ya ɗauko a garin Korem na Habasha, inda dubban mutane suke zube a fili cikin sanyin asuba, iyaye mata na rungume da 'ya'yan da yunwa ta hana su ko da kuka. Nan da nan gwamnatocin da suka yi kunnen uwar shegu suka fara aika abinci, ko da yake yunwar ta daɗe tana cin rayuka kafin mai ɗaukar hoto ya iso. Yaƙin Kwango da ya ɓarke a 1998 kuwa, wanda ya jawo mutuwar miliyoyin mutane, bai samu ko kusa da wannan kulawa ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Ƙorafin ya daɗe. A 1980 kwamitin UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Sean MacBride ya nuna yadda labarai ke kwarara daga ƙasashe masu arziki zuwa matalauta, ta yadda jaridar wata ƙasa kan ji halin da maƙwabciyarta ke ciki daga bakin kamfanonin dillancin labarai na Reuters, AP ko AFP, masu hedkwata a Landan, New York da Paris. Taƙaddamar da ta biyo baya tana cikin dalilan ficewar Amurka daga hukumar a 1984, da Birtaniya a 1985.

Daga baya sababbin tashoshin talabijin suka ɓullo: Al Jazeera ta fito a Qatar a 1996, RT ta Rasha a 2005, Sin ma ta kafa CGTN. Muryoyi sun ƙaru, wannan alheri ne, sai dai dukansu gwamnatoci ne ke ɗaukar nauyinsu, kuma da wuya su tona asirin mai ciyar da su.

Abin da ya fi damuna shi ne matashin da ba ya jin sunan ƙasarsa sai an yi ambaliya ko juyin mulki. Sannu a hankali yakan fara raina harshensa da suturarsa, yana auna kansa da ma'aunin wasu. Yanzu kuma zaɓin ya fara komawa hannun manhajojin Facebook da YouTube, waɗanda ke fifita duk abin da zai riƙe idon mai kallo, alhali babu editan da za a kai wa ƙara.