Su huɗu suka zo

Daren jiya gobara ta tashi a shagon maƙwabcinmu, jim kaɗan da dawo da wuta. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba.

'Yan kwana-kwana su huɗu suka zo, har da direba. Mota ta kasa shiga lungu, sai jan mesa suka yi, ita ma ta huje, an ɗaure ta da roba. Ƙaramin cikinsu hannunsa sai rawa yake, wani dattijo na dafe da kafaɗarsa yana cewa, "Saiti gindin wutar, yaro, bar hayaƙin." A bakin wuta yake koyon aikin, wallahi abin ya tsaya min a rai.

Da ruwa ya ƙare, samari suka hau zaginsu. Na ji kunya.

Bayan lafawar wutar na miƙa wa dattijon ruwa. Ya ce, "Ɗana, tsofaffi sai ritaya suke, kuɗin ɗaukar sababbi da horar da su kuwa shiru."

Su ne dai masu shiga rijiya da kududdufi ciro mutane. Mun ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ga hunturu ya kawo kai. Har yanzu rigata warin hayaƙi take.