Wuni Ɗaya a Greenwich, a Kan Sawun Michael Robinson

A watan Satumba na 2023 na sami 'yan kwanaki a Landan bayan kammala wani taro, sai na keɓe wuni ɗaya domin zuwa Greenwich, unguwar da yawancinmu muka san ta ta bakin masu karanta labarai a rediyo, idan suna faɗin lokaci a agogon GMT. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya ba da shawarar mu shiga jirgin ƙasa domin ya fi sauri, amma na ce masa wanda zai je kallon zanen jiragen ruwa bai kamata ya isa wurin ta tudu ba. Muka hau jirgin fasinja a Westminster, muka gangara kogin Thames, muka ratsa ƙarƙashin gadar Tower Bridge, ruwan kuwa ja-ja-ja kamar na gulbi a tsakiyar damina. Muka sauka daf da Cutty Sark, tsohon jirgin dakon ganyen shayi da aka ƙera a 1869, wanda yanzu yake ajiye a kan tudu.

Abin da ya kawo ni shi ne ginin da ake kira Queen's House, farin gida wanda masanin tsara gine-gine Inigo Jones ya tsara, aka fara gina shi a 1616. A wannan shekarar ana baje kolin ayyukan Willem van de Velde, uba da ɗa masu suna ɗaya, masu zanen jiragen ruwa 'yan ƙasar Holan da suka yi ƙaura zuwa Ingila a wajejen ƙarshen 1672, lokacin da yaƙi ya durƙusar da kasuwar zane a ƙasarsu. Sarki Charles na Biyu ya ba su ɗakin aiki a cikin wannan gida, ya kuma yanka wa kowannensu albashin fam 100 a shekara, uban yana zana yaƙe-yaƙen teku, ɗan kuma yana mayar da zanen hoto mai launi. Abin mamakin shi ne a daidai wannan lokaci Ingila tana yaƙi da Holan, kuma uban ya daɗe yana bin rundunar ruwan ƙasarsa a cikin ƙaramin jirgi, yana zane ana harba igwa a gefensa.

Sunan da na riƙa tunawa a cikin ɗakunan nan shi ne Michael Robinson, wanda aka haifa a 1910, ya rasu a 1999. Ya yi aiki a gidan tarihin harkokin teku na ƙasa da ke wannan harabar, wanda aka buɗe a 1937, har ya zama mai kula da sashen hotuna, kuma kusan dukan rayuwarsa ta aiki a kan waɗannan mutane biyu ta ƙare. Gidan tarihin yana da zanensu na takarda fiye da 1,000, Robinson kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da kundin bayaninsu na farko a 1958, na biyu a 1974. Kundin hotunansu na fenti, mai juzu'i biyu, bai fito ba sai 1990, lokacin yana da shekara 80 a duniya.

Ban gane nauyin wannan aiki ba sai da na tsaya gaban wata takarda mai tsawon kusan kamu ɗaya, an zana bayan wani jirgin yaƙi da fensir, an ɗan shafa masa ruwan toka-toka. Ɗan ƙanwata ya leƙo ya ce, "Kawu, ai duk jiragen nan iri ɗaya ne." Gaskiyarsa, a idon baƙo haka suke. Amma mai nazarin wannan fanni sai ya ƙirga tagogin igwa, ya duba sassaƙen da ke bayan jirgin, ya lura da tuta da sandar da aka ɗaura ta, domin a nan ake sanin muƙamin kwamandan da ke ciki, sannan ya karanta ɗan rubutun da uban yakan bari a gefen takarda da harshensu. Wata matsalar kuma ita ce masu zanen sukan danna zane a kan wata takarda domin su sami kwafi, sai hoton ya fito a juye, dama ta koma hagu. Bayan duk wannan akwai tambaya mafi wuya: wannan hannun uban ne, ko na ɗan, ko na almajiransu, ko na wani da ya kwaikwaya daga baya? A ganina wannan aiki ya fi kama da na masu tantance tsofaffin littattafan hannu, waɗanda suke gane marubuci daga lanƙwasar alƙalaminsa.

A wani ɗaki an rataye babbar darduma ta bango da aka saƙa daga zanen uban, tana nuna yaƙin Solebay na 1672, inda jirgin Ingila mai suna Royal James yake cin wuta. Na daɗe a gabanta, domin mutumin da ya kalli yaƙin nan daga ɓangaren Holan shi ne ya dawo ya tsara wa Turawan Ingila hotonsa.

Kafin mu fita muka leƙa babban ginin gidan tarihin domin ganin hoton yaƙin Trafalgar da mai zanen nan ɗan Ingila, Turner, ya yi wa Sarki George na Huɗu. Hoton ya cika bango, kuma tun a zamaninsa sojojin ruwa sun soke shi saboda ya haɗa abubuwan da suka faru a sa'o'i daban-daban a wuri ɗaya. Na yarda cewa ya fi ɗaukar ido nesa ba kusa ba, amma hankalina ya tsaya a kan ƙananan takardun nan masu launin toka, waɗanda aka san sunan jiragen da ke cikin da yawa daga cikinsu saboda wani ya zauna shekara da shekaru yana ƙirga tagogi.

Da la'asar ta yi sanyi ya fara shiga jiki, ɗan ƙanwata ya ce wannan karon tasa za a bi. Muka sauka ramin masu tafiya a ƙasa da aka buɗe a 1902, muka tsallake kogin ta ƙarƙashinsa, muka ɓullo a ɗaya gaɓar, inda ake hango farin gidan ta tsakanin manyan gine-ginen tsohuwar kwalejin sojojin ruwa, sannan muka nufi tashar jirgin ƙasa.