Kafin ka zaro zarto, caki dusar

Na gina iglu, ɗakin dusar ƙanƙara irin na Inuwit, mutanen yankin ƙanƙara na can arewacin duniya, a bakin wani daskararren tafki a lardin Manitoba na Kanada, kuma har yau takaicin bulon dusar da ya riƙa rabewa a hannuna bai sake ni ba.

Zarton bai da laifi. Manyan haƙora gare shi, ana jansa a hankali, ba a dannawa. Nakan yanka bulo mai tsawon santimita 60, tsayi 40, kauri 15 zuwa 20. A fara yanka gefe biyu da baya, sannan a zura zarton ta ƙarƙashi, sai bulon ya ɓalle da kansa.

Matsalar tana cikin dusar. Samanta ya yi tauri saboda iska ta daddale shi, mutum ya taka ba ya nutsewa. Ashe a tsakiya akwai wani siririn layi mai warwarewa kamar sukari, wanda ya raba zubin farko da na biyu. A sahun ƙasa ba ya nuna kansa. Sai gini ya tashi, bulo ya fara kwantowa ciki, nauyi ya koma gefe, nan yake tsagewa gida biyu. Haka bango ya zube bayan an sha wahalar ɗora shi, ga rana tana faɗuwa da wuri.

Don haka ka ɗauki siririyar sanda ka caka har ƙasa. In ta shiga da ƙarfi iri ɗaya, dusar ta yi. In ta cije sannan ta zurma, bar wajen, ko da za ka ja bulo daga nesa a kan leda.

Sauran aikin sananne ne: da'ira mai faɗin mita 2 da rabi ta ishi mutum biyu, a sassabe sahun farko ya zama gangare don ginin ya riƙa hawa yana kewayawa, a goge haɗin kowane bulo da zarto har ya kama. Ƙofa ta zauna ƙasa da wurin kwanciya, don iska mai sanyi ƙasa take sauka. A huda sama da sandar nan, musamman in za a kunna risho, kuma a duba hudar kafin barci, don dusa kan toshe ta.