Godiya ga duk wanda ya tsaya min har ƙwan lantarkin nan ya kama

Alhamdulillah, jiya na kare aikina gaban malamai kuma an karɓa. Saƙonni sun yi yawa ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na rubuta nan.

Masu tambaya wai me nake yi wata da watanni a lab, wutar lantarki muke turawa daga naɗin waya ɗaya zuwa wani ta maganaɗisu, babu abin da ya haɗa su. A 2007 'yan jami'ar MIT ta Amurka sun kunna ƙwai mai wat 60 daga nisan mita 2 da naɗin jan ƙarfe, amma kusan kashi 40 cikin 100 na wutar ne kaɗai ya isa. Mu sai muka naɗa namu da tef ɗin YBCO, supakondaktan da aka gano a 1987, wanda in ka tsoma shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili turjiyar da yake yi wa wucewar wuta ɓacewa take.

Malam sufabaizana, Allah ya saka da alheri. Ranar da na kai masa sakamakon farko ina ta murna sai ya zaunar da ni ya ce wannan rashin turjiyar ga wuta mai tafiya hanya ɗaya ne, tamu kuwa mai kai-komo ce, dole tef ɗin ya ci wani abu daga wutar, kuma ina lissafin wutar da aka ƙona wajen sanyaya shi? Wallahi ranar raina ya ɓaci, sati uku na koma ina awo, amma wannan tambayar ce fa aka fara yi min jiya.

Baba mai kula da lab, ban san da wane baki zan gode maka ba. Tef biyu na lalata da zafin dalma, kai ka kama hannuna ka nuna min yadda ake liƙa shi a hankali, kuma ba ka taɓa bari na taɓa naitirojin babu safar hannu da gilashin ido ba.

Abokan aikina da muka kwana muna gadin mazubin ruwan naitirojin, farin tururi na malala kan tebur, ƙanƙara ta kama wayoyi, na gode. Mama da Yaya, addu'arku ta isa.

Mai bidiyon lokacin da ƙwan ya kama don Allah ya turo min, hannuna rawa yake yi ban iya ɗauka ba.