Tafiyar Auna Iskar Radon a Gidajen Yankin Duwatsu

Bayan damina ta ɗauke muka kama hanyar yankin duwatsu, ni da abokan aikina, jakunkunanmu cike da ƙananan gwangwanayen roba. A cikin kowanne akwai ɗan fallen roba mai suna CR-39, wanda ƙwayoyin alfa, wato ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani waɗanda iskar radon ke fitarwa, suke bar wa tabo. Mun nufi yankin ne saboda dutsen giranit, wanda yakan ƙunshi yuraniyom fiye da yawancin duwatsu. Daga yuraniyom ake samun radiyom, daga radiyom kuma iskar radon ke tasowa ta cikin ƙasa, ta kutsa ɗaki ta tsagar daɓe da gindin bango.

Hanyar ba ta da kyau, amma shawo kan masu gidaje ya fi cin lokacinmu. Wani dattijo ya jujjuya gwangwanin a tafin hannunsa ya ce, "Ɗana, abin da ba a gani, ba a jin warinsa, ta ina zai cutar da ni?" Na ce, "Baba, a fili iska tana watsar da shi, amma a ɗakin da ake rufewa taruwa yake yi, kuma in ban da taba sigari, babu abin da ya kai shi haddasa sankarar huhu." Ya ɗan yi shiru, sannan ya kai mu ɗakin kwanansa da kansa, muka ɗora gwangwanin a kan kanta, nesa da taga da ƙofa.

Wata uku ake barinsa, domin yawan iskar yana hawa yana sauka tsakanin dare da rana, da tsakanin sanyi da zafi, awon yini guda kuwa yana iya yaudarar mutum. Tun shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗauki bekaral 100 (bekaral shi ne awon ƙarfin radon) a kowace mita kubik ta iskar ɗaki a matsayin ma'auni, inda hakan ya gagara kuma kada a wuce 300.

Da muka koma muka kwaso su, aka jiƙa fallayen a ruwan soda mai zafi har tabban suka fito, aka ƙirga su da madubin likita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidaje biyu masu maƙwabtaka a kan dutse ɗaya: mai tsagaggen daɓe da rufaffun tagogi ya ninka ɗayan a yawan radon nesa ba kusa ba. Shi ya sa ban yarda taswirar yanki ta wadatar ba, kowane gida sai an auna shi. Mun shawarci mai gidan ya toshe tsagogin, ya riƙa buɗe tagogi, in kuma awo na biyu bai sauka ba, a sa bututu da fanka a ƙarƙashin daɓen su riƙa zuƙe iskar zuwa waje.