Raƙumin dawan Dabous: na kai kan dabbare-dabbare

Ƴan'uwa masu koyon sassaƙar dutse, ga inda aka kwana. Wuya ya fito, ƙafafun gaba sun tsaya, yanzu na shiga dabbare-dabbaren jiki, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Saboda sababbin shiga: abin da nake kwaikwayo yana Dabous ne, tsakanin Agadas da Arlit, yamma da duwatsun Azbin. Raƙuman dawa biyu ne da mutanen dā suka sassaƙa a kan dutse guda, namiji da mace, babban ya kai mita 5.4. Masana na ba su shekara 6,000 zuwa 8,000, zamanin da hamadar ke da ciyawa da tafkuna. Wani Bafaranshe masanin kayan tarihi, Christian Dupuy, ya sanar da su a 1987, a 1999 aka ɗauki samfurinsu, kwafin alminiyom yana filin jirgin Agadas. Nawa kuwa, nan tsakar gida a Yamai, kamu biyu ne kawai.

Masassaƙan wancan zamanin ba su da ƙarfe, don haka na ajiye guduma da ƙusa. Farin dutse mai tauri na tsinto a bakin kogin Isa. Da shi nake ƙwanƙwasa layi ɗigo-ɗigo, sannan in zuba yashi da ruwa in yi ta gogawa da gefen dutsen har ramin ya yi santsi. Ba dabbaren ake sassaƙawa ba, tsakaninsu ake ƙwaƙulewa, su kuma su taso da kansu kamar fasassun laka bayan tafki ya ƙafe. In ramuka biyu sun matsu da juna, bakin dabbaren sai ya ɓantare, saboda haka a bar faɗin yatsa.

Kada ku yi aiki da rana tsaka, ba a ganin zurfin komai. Da hantsi ko bayan la'asar, haske na zuwa a kaikaice, kowane layi ya sami inuwa. A ɗaura ƙyalle a hanci, ƙurar ba ta da kyau.

Akwai layin da ke saukowa daga bakin kowane raƙumi zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. Wasu na cewa igiya ce, wasu na cewa alamar tsafi ce. Ni dai zan sa shi, tunda mai aikin bai ɓata ƙarfinsa a banza ba.

Kafin in taɓa cinya zan leƙa Kure, inda raƙuman dawa masu rai suke kusa da Yamai, in ga yadda dabbaren ke ƙanƙancewa wajen gwiwa. Wanda ya gama kofato, ya gaya mana da wane dutse ya tsaga shi.