Abin da binciken gurɓatar iska ya koya mini

Babbar wahalar aikinmu ita ce ba kasafai ake samun mamacin da za a nuna a ce iska ce ta yi ajalinsa ba. Likita zai rubuta bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska na da hannu a mutuwar mutum kusan miliyan 7 duk shekara, amma a Ingila sai a 2020 aka fara ambatar ta a hukumance cikin sanadin mutuwar wani, wata yarinya 'yar shekara 9 mai fama da asma da ta rasu a Landan a 2013.

Saboda haka dole mai bincike ya koyi duba jama'a a dunƙule, kuma wannan na cin shekaru. Na ɗauki darasin haƙuri daga masanan jami'ar Harvard da suka bi rayuwar mutum fiye da 8,000 a garuruwa shida na Amurka har tsawon shekara 14 zuwa 16. Da suka fitar da sakamako a 1993, bayan sun ware tasirin shan taba da sauran dalilai, sai ga shi haɗarin mutuwa a garin da iskarsa ta fi lalacewa ya ɗara na garin da ya fi tsabta da kashi 26 cikin ɗari. Masu masana'antu suka yi musu ca. Aka miƙa bayanan ga wasu masana na daban suka sake lissafi daga tushe, a 2000 suka tabbatar da sakamakon. Shi ya sa nake adana kowane awo da tunanin cewa wanda ba ya son maganata ne zai zo ya bincika shi, kuma ina ganin haƙƙinsa ne ya bincika.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne inda cutar take sauka. Kowa huhu yake kawowa a ransa. Amma ƙwayoyin ƙurar da muke kira PM2.5, waɗanda silin gashin kai ya ninka su kauri kusan sau 30, suna kutsawa har ƙarshen huhu, su tayar da kumburin da ke taɓa jijiyoyin jini. Kaso mai yawa na mace-macen ta zuciya da ƙwaƙwalwa suke zuwa. Har yau ba a gano wani mizanin da za a ce ƙasa da shi babu illa ba, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar ƙurar da take ba da shawara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska.

Na kuma koyi kada in sakankance da na'urar da aka kafa a saman gini. Matsakaicin iskar gari take aunawa. Ba ta san abin da mace mai girki da itace ko gawayi take shaƙa da goyo a bayanta ba, alhali mutum sama da biliyan 2 ne ke girki da irin wannan makamashi. Idan ka rataya wa mutum ƙaramar na'ura ya wuni da ita, lambobin kan sha bamban ƙwarai, kuma galibi talaka ne ke kwasar mafi muni. Wannan yana ci mini rai, domin shi ne kuma ya fi ƙarancin halin sauya gida ko murhu.

Abin da ke riƙe ni a aikin shi ne jiki na saurin amsawa idan iska ta gyaru. A kwarin Utah da ke Amurka, yajin aiki ya rufe wata masana'antar ƙarfe daga 1986 zuwa 1987. Masani Arden Pope ya bi takardun asibitoci, ya ga yawan yaran da ake kwantarwa da ciwon numfashi ya ragu sosai a wannan hunturun. Da masana'antar ta koma aiki, adadin ya sake hawa.